Babban Yatsa a Kan Goma

Litinin, da hantsi

Yaya, wanka, ya zo shago yau. Bai zauna ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kaɗa makullin motarsa, yana ƙare wa teburin yanka kallo kamar mai neman inda zai jera kayan wani. Ya ce, "Amarya, akwai wani mai sayar da wayoyi da ke son wurin nan." Shekara ashirin ina gidansu, har yau Amarya yake ce mini.

Na ce, "Yaya, wurin da mai shi."

Ya ce, "Mai shi ai..." sai ya haɗiye sauran. Gara da ya haɗiye.

Na san shagon na mahaifinku ne, na san Yaya ne babba. Amma teburin nan ni da kai muka haɗa shi. Kai ke fita awo da tef, ni ke yanka gilashi da rular tebur, haka aka san mu a layin nan. Ba zan ba da makulli ba.

Laraba, bayan azahar

Na kai gilashin tagar mai aski. Bai shiga ba. Ya yi yawa a tsaye, ya yi yawa a kwance, kamar faɗin tafin hannu. Na kara shi da firam, na ja layi da ido, na rage a nan bakin titi mutane na kallo. Mai aski ya ce, "Ba komai, uwar ɗakina, kowa da ranar farawarsa." Ranar farawa! Ni da na yanka madubin da yake aski a gabansa.

Alhamis, da safe

Na sake ɗaukar tef ɗinka, da shi nake fita awo yanzu. Shi suka kawo mini a cikin leda, da hularka, da takalmi ƙafa ɗaya. Bakinsa ya lanƙwashe tun da daɗewa, lambobin farko duk sun goge, sai goma ce ta fito sosai, gefenta ya yi baƙi da shatin yatsanka. Nan nake ɗora nawa. Ba na barin kowa ya juya shi.

Asabar, da yamma

Tagar gidan malamin makaranta. Ita ma ta yi yawa. Tafin hannu.

Na wuce kai tsaye wurin Mai Walda, maƙwabcinmu da ke haɗa firam, na ce masa ƙarfensa ne yake tsukewa. Ya ɗaga baƙin tabaransa ya dube ni. "Matar Oga, ƙarfe ba riga ba ne da zai tsuke a wanki. Kawo in auna miki."

Na ce ya auna wa kakarsa.

Ya yi dariya har da dukan cinya. Ni ban yi ba.

Litinin, da hantsi

Wata mata ta shigo layinmu da jaka a kafaɗa da ƙaramin tabarau, tana bi shago shago. Ta ce daga cibiyar koyon sana'a take, bincike take yi a kan yadda masu aikin hannu ke lissafi a bakin aikinsu, kuma tana koyar da manya da yamma. Ta ce an gaya mata akwai mace mai yankan gilashi.

Na ce, "Wa ya gaya miki? Yaya ne ya turo ki ki rubuta cewa ban iya ba?"

Ta ce ba ta san wani Yaya ba. Na ce to ƙofa ga ta nan. Ta fita ba tare da ta ɓata rai ba, ta ce ajin na nan Talata da Alhamis bayan la'asar, ba a tambayar kowa ajin da ya tsaya.

Aji shida na tsaya. Ba kunya nake ji ba.

Talata

Ban buɗe shago ba.

Laraba, da rana

Na zagaya ta bayan kasuwa don kada in bi ta titin benen nan da ka faɗo daga kansa. Tafiyar ta ninka, ƙafata ta kumbura. Ba komai. Ƙafar tawa ce.

Juma'a, da yamma

Yaya ya ji labarin tagogin. Layin nan ba ya riƙe magana, ko tari ka yi sai an kai masa. Ya zo da matarsa, wai su lallashe ni. Ita ta kama hannuna tana cewa, "Ki huta mana. Tunani ne ya yi miki yawa, shi ya sa ido ke gani biyu biyu." Shi kuma ya ce gilashin da nake ragewa ina zubarwa ya isa a rufe gida guda.

Ana cikin haka mai kemis na bakin titi ya leƙo. Ƙofar gilashi yake so a sabon shagonsa, irin mai kaurin nan da ake gasawa a masana'anta. Kai ka yi masa alkawarinta tun kafin abin ya faru. Ya tsaya yana duban Yaya, yana dubana, bai san wa zai yi wa magana ba.

Na ce, "Ni za ka yi wa."

Yaya ya ce, "Kin san irin wannan in an gasa ba ya yankuwa? Babu ragewa a bakin titi. In bai shiga ba sai dai a jingine shi a bango a yi ta kallo."

Na ce na fi shi sani.

Ya ce, "To shi ke nan. In ƙofar nan ta shiga, ba zan sake ɗaga maganar shago ba. In ba ta shiga ba, ki kawo makulli da hannunki."

Na ce na yarda. Bakina ne ya faɗa.

Asabar, da safe

Ba zan ba da makulli ba.

Litinin, bayan azahar

Na auna ƙofar mai kemis. Yadda nake riƙe maka in aikin babba ne, haka na sa shi ya riƙe mini: yatsa a kan goma, kada ya motsa. Na ja, na yi bisimilla a hankali kamar yadda kake yi, na karanta. Faɗi ɗari, tsawo ɗari biyu da ashirin. Sau uku na maimaita, sau uku abu ɗaya. Na aika wa masana'anta. Sun ce ranar Asabar suke kunna injin gashi.

Sau uku. To a ina kuskure zai ɓuya?

Talata, bayan la'asar

Na je ajin. Na yafa mayafi har goshi don kada a gane ni, ina shiga na ga mai fenti na layinmu zaune a benci na gaba, gwiwoyinsa sun taɓo haɓarsa. Ya ce, "A'a! Ke ma an kamo ki?" Na ce ya rufe mini baki, in ya faɗa a layi zan ce na gan shi yana ƙirga da yatsun ƙafa.

Mu goma sha wani abu ne. Tela biyu, makanike, wata mai gyaran gashi, wani tsoho mai ɗinkin kujeru da ya ce jikarsa ce ta yi masa gori. Malama ba ta nuna ta taɓa ganina ba, balle korar da na yi mata. Na ji daɗin wannan.

Ta ba mu tarawa da ɗebewa a allo. Na ci duka sai ɗaya. Ta ce, "Kanki lafiya lau yake da lissafi." Na dawo gida ina jin haushi maimakon murna. In kaina lafiya yake, me ke ƙara wa gilashina tafin hannu?

Laraba, da hantsi

Na tara ragowar da nake yankewa a bayan tebur. Dogaye, sirara, kusan duk faɗinsu ɗaya. Na ɗora hannuna a kan guda, ya ɗan fi nawa. Naka ne daidai.

Matar Yaya ta ce mamaci ba ya son a taɓa kayan aikinsa. Ban yarda ba. Kai da ko cokali ba ka hana ni ba. Amma na daɗe zaune da guntun nan a cinyata.

Laraba, da yamma

Malama ta biyo ta shago. Wannan karon na ba ta kujera. Ta ce abin da ta lura a bincikenta, mutum zai iya cin lissafin allo ya faɗi a bakin aiki, wani kuma ya faɗi a allo alhali a bakin aiki ba a kama shi. Don haka allo ba ya gaya mata komai, so take ta ga hannuna yana awo.

Na ce tef ɗina ba na kallo ba ne.

Ta ce, "Ba zan taɓa ba. Zan sa hannuna a baya kamar 'yar makaranta."

Na ce zan yi tunani. Ta ce to, ta sha ruwa, ta tambaye ni yadda ake gane gilashi zai tsage daidai. Na nuna mata: ja ɗaya tak, ba a maimaita layi, kuma kunne ke faɗa maka, in ya yi ƙara kamar yagewar sabon yadi to ya yi. Ta sa na yi sau biyu don ta saurara. Rabon da wani ya tambaye ni abin da na sani, na manta.

Alhamis, gab da magariba

Wannan kam sai na rubuta shi.

Da aka tashi aji na tafi da Malama awon wata ƙaramar taga a shagon tela. Ta tsaya a gefe, hannu a baya kamar yadda ta ce. Na ɗora yatsa a kan goma, na ja, na yi bisimilla, na ce sittin.

Ta ce, "Me ya sa kika fara daga goma?"

Na ce, "Nan ake farawa."

"Wa ya ce?"

"Mai shi."

Sai ta ce, "Yi mini wani abu. Ɗora yatsanki inda kika saba. Kawo ɗaya yatsan ki haɗa su wuri guda, kada ki bar komai a tsakani. Me kika auna?"

Na ce babu.

"Tef ɗin nawa ya ce?"

Na duba. Na ce goma.

Ta ce, "Babu ta zama goma ke nan."

Tela ya tsayar da kekensa. Ni kuwa ina tsaye ina kallon yatsuna biyu kamar ba nawa ba. Ta ce masu awo da yawa ba sa yarda da bakin tef in ya lanƙwashe, sai su fara daga goma don awo ya fita daidai. Dabara ce mai kyau, ta gwanaye. Sannan ta tambaye ni a hankali, "In ya ja tef ya duba, nan take yake faɗar lambar?"

Na ce a'a. Yakan ɗan tsaya, leɓɓansa su motsa, sannan ya faɗa. Addu'a yake yi.

Nan take na gane. Ba sai ta ce ba.

Goma kake cirewa. Shekara ashirin ina riƙe maka tef, ina kallon bakinka yana motsi, ina cewa a raina kai wannan bawan Allah ko taga zai auna sai ya ambaci Ubangiji. Ashe ɗebewa kake yi! Na zauna a kan buhun yadin tela na yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, tela ya fita ya ba mu wuri. Malama ta zauna kusa da ni. Ta ce abin da hannu ke yi ido na ɗauka, abin da kai ke yi a ɓoye sai an faɗa, kuma gwanaye sun fi kowa mantawa su faɗa, don su a wurinsu ya zama kamar numfashi. Ta ce ba ni ce ta farko ba.

Ina share fuska sai ƙofar mai kemis ta faɗo mini a rai. Ɗari. Ɗari biyu da ashirin. Jibi za su gasa.

Na kira masana'anta, sun tashi.

Juma'a, da sassafe

Ina fushi da kai. Kalma biyu ce, "cire goma." Ka iya ce mini shayi ya yi sanyi, ka iya ce mini na ja layi a karkace, wannan ce ta gagare ka?

Ba zan ba da makulli ba. Bari in sa takalmi.

Juma'a, bayan la'asar

Na fara da Mai Walda. Na same shi yana buɗe shago, na ce ya ara mini tef ɗinsa, ya kuma zo ya riƙe mini. Ya ce, "Ni da aka ce in auna wa kakata?" Na ce kakar tasa ta yafe, ya taso. A hanya na gaya masa. Ya tsaya cak a tsakiyar titi ya dafe kai. "Wallahi ni ma haka nake yi in bakin ya mutu! Matar Oga, da kin bari na leƙa sau ɗaya..." Na ce da ya leƙa da ya yi ta yi mini dariya har shekara. Ya ce wannan kam gaskiya ne.

Mun auna da nasa daga sifili: casa'in, da ɗari biyu da goma. Na auna da naka daga goma, na cire da bakina a fili: casa'in, da ɗari biyu da goma. Tef biyu, magana ɗaya. Mai kemis ya ce ai shi ya ga goman ranar nan, ya ɗauka na san abin da nake yi. Na ce yanzu na sani.

Motar da ke zuwa masana'anta ta titin benen nan take bi. In na zagaya, sai an tashi cin abinci kafin in isa. Na shiga. Na zauna ta gefen taga, ban zaɓa ba, nan ne ya rage.

Sun sa gilashi a hawa na uku. Wani ya ƙarasa aikinka. An ɗauke tsanin.

Ban runtse ido ba.

A masana'anta shugaban ma'aikata ya ce aiki ya riga ya shiga layi, ba a dawo da shi. Wani ƙato ne mai fensir a bayan kunne. Ya ce, "Madam, ku ne kuke ba mu wahala. Ina maigidan? Shi ba ya aiko mana da lamba biyu."

Na ce, "Maigidan ba zai zo ba. Ni ce."

Wani daga cikin ma'aikatan ya raɗa masa magana a kunne. Ya cire fensirin, ya mayar, ya rasa inda zai sa ido. Na ce kada ya ji tausayina, ba shi na zo nema ba, gilashina na zo gani. Ya ce ba a shiga ciki. Na ja wani akwati na zauna a bakin ƙofar da suke fito da kaya, na ce to a nan za a gasa ni tare da shi.

Ya shiga. Ya daɗe. Ya fito ya ce, "Kin ci sa'a. An yanka, ba a huda ba, ba a gasa ba."

Na ba shi sabon awo, na ce kuma a rage rabin santimita kowane ɓangare. Wannan kam ka faɗa mini, ba sau ɗaya ba: gilashi na son wurin numfashi, in ka matse shi zafi ya fasa shi. Ya dube ni ya ce, "Kin tabbata wannan karon?" Na ce ya ba ni abin yanka in rage da kaina in yana shakka. Ya ba ni, ina jin don ya ga ƙarshen bakina. Ja ɗaya, ƙarar yage sabon yadi, na ɗaga na karya. Na juya, na sake. Na ce a naɗe mini guntayen biyu, nawa ne.

Asabar

Suna gasawa yau. Na share shago har ƙarƙashin tebur.

Talata, bayan la'asar

A aji Malama ta roƙe ni in nuna wa sauran. Na ce ba zan tsaya gaban mutane in ce ga wautata ba. Ta ce ba wauta za ki nuna ba, goma za ki nuna. Na tashi. Na haɗa yatsu biyu a kan tef, na ce wa mai fenti, "Nawa ne babu?" Ya ce goma, aji ya fashe da dariya, sai tsoho mai kujeru ya ce shi fa daga ɗaya yake farawa a rula tun yana yaro, shi ya sa kullum yadinsa ke saura kaɗan. Malama ta yi ta rubutu kamar an ce za a ƙwace biron. Ta tambaya ko ta sa labarina a bincikenta ba tare da suna ba. Na ce ta sa. Ta kuma rubuta cewa duk mai koya wa wani aiki ya riƙa buɗe baki.

Alhamis, da yamma

An kawo ƙofar da hantsi. Yaya ya riga motar isowa, kuma ba shi kaɗai ba, har da mai wayoyin, wai hanya ce ta biyo da su. Mai Walda ya zo, mai aski ya bar mutum da rabin kai ya zo, mai fenti ya zo da burushi a hannu.

Kafin a ɗaga na ce a dakata. Na fito da tef ɗinka. Na ɗora yatsa a kan baƙin shatin nan, na ja a faɗin gilashin, na duba, na yi abin da ya kamata, na faɗa. Na ce wa Mai Walda ya riƙe mini a goma, na ja tsawon, na faɗa. Sannan na ce bisimilla, a ɗaga.

Mutum huɗu suka ɗauka. Ni na tsaya ta ciki ina cewa dama kaɗan, sama kaɗan, a hankali. Ta zauna. Na zura ɗan kwali a gefe, ya wuce sumul ta ko'ina, wurin numfashinta cif. Aka ɗaura maƙalai, mai kemis ya tura ta da yatsa ɗaya, ta buɗe, ta dawo ta rufe ba ko ƙara.

Mai aski ya yi kabbara. Mai wayoyi ya duba agogo ya ce yana da wani uzuri.

Yaya ya tura ƙofar, ya ja, ya sake turawa, kamar yana neman ta yi masa gardama. Bai ce na iya ba, ban kuma sa rai ba. Ya daɗe yana kallon tef ɗin a hannuna. Sai na ga idonsa ya kaɗa. Na manta, wallahi na manta, cewa kafin ka zama nawa ƙaninsa ne kai.

Ya ce, "Ɗazu da kina awo na ga bakinki yana motsi. Haka yake yi. Addu'a ce ya koya miki?"

Na ce, "Rabi addu'a, rabi lissafi."

Ya gyaɗa kai kamar ya gane. Ya juya zai tafi, ya waiwayo. "Tagar ɗakin baƙina ta tsage tun bara. In kin samu sarari."

Na ce sai Litinin, akwai mutane a gabansa.

Juma'a, da safe

Na buɗe shago. Makullin na ɗaure a bakin zanina. Guntayen nan biyu na jingine su inda kake zama.

Mai Walda ya kawo mini sabon tef, wai kyauta. Na gode masa, na sa a aljihun tebur.